Mai Munduwa na Tafkin Bayan Gari

Safiyar wata Juma'a ce cikin sanyin shekarar 1984, shekarar da gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai. Ina durƙushe a bakin tafkin bayan garinmu, wani ƙauye kusa da Turba a ƙasar Isa, ina ɗibar ruwan da ya fi kama da kunu ina ɗurawa a tulu. Tafkin nan kaɗai ya rage da ruwa a yankin, don haka kowa nan ya nufo: mu, da shanun Fulani masu haƙarƙari a waje, da tsuntsayen da ke sauka duk lokacin sanyi. Na san balbela, na san zalɓe da kirinjijiya. Amma ran nan wani baƙo ya dira kusa da ni, fari fat, bayansa ruwan toka, ƙafafunsa ja. Da ya ɗaga ƙafa sai wani abu ya yi walƙiya. Na ƙura ido, sai na ga ɗan ƙarfe ne zagaye da ƙafarsa kamar munduwar jariri.

Ni kuwa a lokacin bakina ba ya ajiya. Ko tulun ban gama saukewa ba na fesa wa Inna, mahaifiyata, wadda ke tsakar gida tana gyaran tafasa, don ita ce abincinmu a shekarar, sai ɗan garin rogo idan an samu. Na zaci dariya za ta yi. Sai na ga ta saki faifan ta riƙo hannuna. "Kulu, mi kin ka gani ga ƙafatai?" Na maimaita. Ta ƙara matse hannuna har na tsorata.

Abin da ya sa, Baba ya tafi cin rani kudu tun bayan kakar bara, kamar yadda mazan garin kan yi su dawo idan hadari ya fara haɗuwa. Abokan tafiyarsa suka dawo, damina ta zo a yadda ta zo ta wuce, shi ko saƙon baki babu. A wajenmu kuwa idan mutum ya bar gida ya ƙi waiwaye, sai a ce an yi masa kurciya, wato an ɗaura asiri a jikin tsuntsu an sake shi, duk inda ya tashi mutumin ma ya tashi. Tsohuwa Ige maƙwabciyarmu, wadda ba a rasa ta wajen kowace magana, ita ta ƙarasa sauran. Ta ce ba lallai sai kurciya ba, masu mugun abu yanzu sun waye. Ta ce dole a kama tsuntsun da ransa a kwance abin, in kuwa aka kashe shi da shi a ƙafa, to mai shi ya tafi ke nan.

Daga ranar aka ba ni aikin da ya fi ɗiban ruwa. Da safe kafin makaranta ina tafki, da la'asar ina tafki. Ƙawayena suna carafke a gindin tsamiya, ni ina tsugune cikin taɓo ina leƙen ƙafafun tsuntsaye kamar mai sayen kaji. Muka sa masa suna Mai Munduwa. Na san inda yake sauka, can inda kifin da ya rage ke mutsu-mutsu, na san ba ya shiri da zalɓe, na san idan shaho ya gifta shi ne farkon tashi. Wata rana ya zo, wata rana ya ɓace, Inna ta kwana ba ta ci ba. Babban faɗana da yara maza ne masu danƙo, waɗanda yunwa ta sa kowane tsuntsu nama ne a wurinsu. Na yi dambe da su ba adadi, na yaga wa wani rigar makaranta, malam ya zane ni, ban ji zafin ba don a raina babana nake tsaro.

Saura tambayar da ba a yi da ƙarfi: wa ya yi? Ido ya faɗa kan Baffa Sani, ƙanen Baba, wanda gida ɗaya muke, zana ce kawai ta raba sassanmu. Shi ke noma ɗan lambun Baba da ke bakin tafkin tun bayan tafiyarsa, albasa da yakuwa, yana ban ruwa da masaki. Daga ciki yake kawo mana abin miya, amma sai aka fara cewa ai da walakin, wa zai so mai lambu ya dawo? Mutum ne marar yawan magana, sai shirun ma ya zama hujja. Idan ya yi mana alheri a ce yana rufe baki, idan ya makara a ce halinsa ya fito. Ni ma na shiga sahu. Ina tsugune ina kallon tsuntsu da ido ɗaya, ɗayan na kan Baffa, kuma duk abin da na gani sai na kai gida da ɗan gishirina. Ya tafa hannu ya kori kirinjijiya daga yakuwarsa, na ce ya kori Mai Munduwa. Inna ta daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ta hana ni cin duk abin da ya fito daga tukunyar matarsa Rabi, ga shi ina son ɗanwakenta kamar me.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne tarko. Ɗan tsohuwa Ige ya ɗana tarkunan izgar doki a inda tsuntsun ke sauka. Washegari na iske Baffa yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mini irin wannan zargen karya ƙafa yake yi, tsuntsun ya mutu a banza. Wa zai saurare shi? Kafin azahar zancen ya zaga gari. Da yamma Inna ta tsaya jikin zana, ba ta ambaci suna ba, ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya raba uba da ɗiyansa don ɗan lambu, Allah na gani. Can sai Baffa ya matso bayan zanar. "Yaya, ni kike nuhi? Ɗan'uwana, ciki guda?" Inna ta juya za ta koma ɗaki. Ya ce, "To shi ke nan. Za ni biɗo maki shi, in Allah ya yarda." Bayan kwana kaɗan ya bar wa Rabi lambun, ya rataya 'yar jakarsa ya bi motar Sabon Birni. Tsohuwa Ige ta ce kunya ce ta kore shi.

Da zafi ya shigo tafkin ya tsage, tsuntsaye suka watse, Mai Munduwa ya tafi da munduwarsa ba wanda ya taɓa shi. Inna ta yi kuka ta fid da rai. Sai ga shi da ruwan farko, muna shirin shuka, Baba ya yi sallama, a rame, da ɗan ƙunshi a hammata. Dako ya yi ta yi a kasuwannin kudu, ciwo ya cinye ɗan abin da ya tara, ya ce nauyin shigowa gida hannu wofi ne ya riƙe shi. Da ya sha ruwa ya waiga ya ce, "Ina Sani?" Ashe ko haɗuwa ba su yi ba.

Baffa bai dawo da daminar ba. Da sanyi ya zagayo, ina ɗaukar tulu sai Rabi ta kira ni ta kan zana, a gaban Inna, a hankali. "Kulu, in kin tahi tabki, ki duba man ƙahwahun tsuntsaye." Inna ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini gammo ba ta dube ni ba. Na duba a shekarar, na duba a wadda ta biyo. Baba ya bi sawu har sau biyu, bai samo ko labari ba.

Sai da na girma na ji cewa mutanen wasu ƙasashe masu nisa ne ke sa wa tsuntsaye irin wannan ƙarfe don su san inda suke zuwa cin rani. Yanzu wurin tafkin gonar shinkafa ce, yaran garin ba su san izgar doki ba, kuma duk wanda ya tafi kudu waya ake yi masa a ji muryarsa kafin a kwanta. Inna ta riƙe Rabi kamar ƙanwarta har ta bar duniya, amma ban taɓa jin sun tayar da zancen ba. Ni dai har yau ina jin ciwon yadda muka tsare tsuntsu, muka saki mutum.