Jan Akwati da Rakiyar Kakana Don Varo

Kaka, da asubahin ranar Litinin, 27 ga Janairu, Allah ya karɓi ranka a ɗakinka na bayan shago, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Mutanen gari sun san ka da Evaristo Polanco kafinta, ko kuma Don Varo. Ni kuwa da sunan Kaka kawai na san ka. Fada na cocinmu ya ce wani daga cikin iyali ya faɗi wani abu a kanka ranar addu'ar kwana tara. Ka san ba na iya buɗe baki a cikin jama'a, shi ya sa na rubuta, Kawu Radhamés zai karanta.

Tun ina ƙarama mahaifiyata ta tafi aiki babban birni, Santo Domingo, ta bar ni a hannunku, kai da matarka Mamá Tomasa. Kowa yana damuwa da rashin maganata, ban da kai. Sai ka zaunar da ni a kan benci, ka miƙo mini katako in goge, mu wuni ba wanda ya ce uffan. Kana kirana Shiru-shiru, amma ba ka taɓa faɗinsa da ba'a ba. In ka ga yaran layi suna buga murfin gora da sandar tsintsiya a madadin ƙwallo, sai ka kira su, ka auna tsayin hannun kowa, ka sassaƙa masa sandar besbol ta gaske daga ragowar katako. Ba ka taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Bencinan makarantarmu ma kai kake gyarawa duk hutu, ba wanda ya aike ka.

Abu biyu ka so a duniya: Mamá Tomasa da Kadoji, ƙungiyar besbol ta garinmu masu koriyar riga. Ita takan ce har yau ba ta san wacce ce ta farko ba.

Kowa ya san duk shekarar da ƙungiya ta doke abokiyar gabarta a wasan ƙarshe, sai a yi wa wadda aka doke jana'izar wasa, a zagaya gari da akwatin gawa ana kiɗa ana kukan ƙarya. A wasu garuruwan da kwali suke haɗa akwatin. Kai ka ce ko maƙiyinka ne, ka binne shi da mutunci. Tun kafin a haife ni ka ƙera wa Zakaru, ƙungiyar babban birni, akwati na katako mai kyau, tsayin babban mutum. Ka shafa masa jan fenti irin rigarsu, ka zana zakara kwance ƙafafu a sama. Sai dai Kadoji suka ƙi cin wasan ƙarshe. Shekara ta bi shekara. Duk watan Oktoba, in za a fara kakar wasa, sai ka sake masa fenti. Da Mamá Tomasa ta gaji, sai ta mayar da shi ma'ajin zannuwan gado.

Amininka Don Nicanor, wanda shi kaɗai ne mai goyon bayan Zakaru a unguwarmu, kullum da safe yakan zo shan kofi da jar hularsa. Sai ya ƙwanƙwasa akwatin ya ce, "Varo, zakaran nan dai har yanzu cara yake yi. Ka sayar mini in yi akurkin kaji mana."

Kai kuma ka ce, "Sha kofinka, tsohon banza. Da kafaɗarka za ka ɗauke shi."

Amma akwai abin da kake tsoro, kuma ni ka faɗa wa. Mahaifinka mai saran rake ne, ya mutu a tsakiyar girbi, ba wanda aka bari ya bar gona. A amalanken shanu aka kai shi maƙabarta, kai da mahaifiyarka kaɗai a baya. Da ciwo ya kwantar da kai a farkon kakar wasan nan, ka riƙe hannuna ka ce, "Yuderka, mutuwa ba ta dame ni ba. Kada dai a fitar da ni a ɓoye kamar ɓarawo." Ranar ce kaɗai ka kira ni da sunana, shi ya sa na san da gaske kake.

Kakar bana Kadoji sun fara da rashin nasara kamar kullum, har ka ce a kashe rediyo kada su riga ciwon kashe ka. Daga watan Disamba sai abu ya juya. Kai kana ramewa, su suna hawa. Ka daina cin shinkafa da wake, ka daina shan romo, amma in lokacin wasa ya yi sai idonka ya buɗe. Ranar Lahadi da yamma aka buga wasan ƙarshe da Zakaru. Ni na riƙe maka rediyo a kunne. Da mai jefa mana ƙwallo ya fitar da mai bugunsu na ƙarshe daga wasa, gari ya ɗauki ihu, sai ka ce, "Mun ci?"

Na ce, "Mun ci, Kaka."

Ka yi murmushi ka ce, "To, gobe a fito da akwatin."

Da gari ya waye ka tafi. Ban yi kuka da yawa ba a lokacin, domin na ga fuskarka ta saki, ciwon ya rabu da kai. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ka bar mini. Duk garin yana babban titi ana jiran motar 'yan wasa. Wanda aka buga wa waya ba ya ji saboda ganguna. Mai sayar da akwatin gawa ya kulle shago ya bi ayari. Ga zafi, dole a binne ka a ranar. Na leƙa tsakar gida, mutanen da ke wurin ba su cika benci biyu ba. Na ce a raina, shi ke nan, abin da ya sami mahaifinka ya same ka.

Mamá Tomasa ce ta kwashe zannuwanta daga jan akwatin. Kawu ya ce, "Mama, a akwatin Zakaru? Ai sai ya tashi ya rufe mu da duka!"

Ta ce, "Da bakinsa ya ce a fito da shi yau. Ku ɗauka."

Aka kwantar da kai a ciki, aka lulluɓe akwatin da farin zane. Kawu da maƙwabta uku suka ɗauka, mu muna baya da Don Nicanor. Hanyar maƙabarta sai an tsallaka babban titi. Muna isa kwana iska ta yaye zanen, zakara ya bayyana ƙafafu a sama.

Wani ɗan acaɓa ya kurma ihu, "Jama'a, ga shi nan! Don Varo ya fito da zakaran!"

Kafin Kawu ya buɗe baki, samari sun karɓe ka daga kafaɗarsu. Ganguna suka juyo, babura suna hon, mata suka ɗora hannu a ka suna kukan ƙarya. Wani a cikin masu ɗauka ya ce, "Kai, wannan zakara ya ci masara, nauyi gare shi!" Kawu yana ta ihu ba mai jinsa. Ni na ƙanƙame rigar Mamá Tomasa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da suka ga Don Nicanor yana hawaye da jar hularsa, sai dariya ta ƙaru.

"Yi kuka, Don Nicanor, ɗan'uwanka ne!"

"Ina tsoho Don Varo yake ne? Ya fito ya ga ranarsa mana!"

Don Nicanor ya ratsa har gaban akwatin, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kuna tambayar ina tsohon yake? Ga shi a kafaɗarku."

Shiru ya fara daga gaba, ya bi titi har ƙarshe. Na ga huluna suna sauka. Wanda ya yi maganar masara ya fashe da kuka na gaske, ashe yana cikin waɗanda ka sassaƙa wa sanda suna yara. Mai babbar ganga ya matso wurin Mamá Tomasa kansa a ƙasa ya ce, "Doña, ki yafe mana. Wallahi ba mu sani ba."

Ta share ido ta ce, "Wa ya ce ku daina? Tun kuna cikin tsumma yake jiran gangar nan. Ku dai tafi da shi a hankali, bayansa na ciwo."

Haka aka raka ka, Kaka, da ganga a hankali. Ba wanda ya koma. Da motar 'yan wasa ta iso ta tarar titi ba kowa, sai ta biyo bayanmu da kofin gasar. Maƙabarta ta cika, wasu a kan katanga suka tsaya. Don Nicanor ya sa kafaɗarsa a ƙarshen tafiya, kamar yadda ka sha faɗa masa. A bakin kabari ya ce, "Ka ci ni a fili, Varo, amma a rigarmu ka tafi." Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska. Ni a nan ne hankalina ya kwanta.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ciwo a cikinsa. Allah ya ba Mamá Tomasa haƙuri, da Kawu Radhamés, da mahaifiyata da ba ta iso ba sai washegari, da Don Nicanor wanda har yau yake zuwa da safe ya zauna a bencinka. Ya saka wa duk wanda ya taka ƙafa ya raka ka, har da waɗanda suka fara da rawa.

Ba a ɓoye ka fita ba, Kaka. Garin gaba ɗaya ne ya kai ka.

Jikarka, Shiru-shiru.