Dogon Dankalin Kawu

Kawuna manomin dankalin turawa ne tun kafin a haife ni. Mutum ne mai taurin kai, ko maganin ciwon kai ba ya sha sai ya yi musu da shi. Dankalinsa ƙanana ne jajaye, irin da ya gada wurin kakanmu, kuma bai taɓa yin kwantai a kasuwa ba.

Wata shekara wani kamfani mai gidajen sayar da soyayyen dankali da kaza ya turo mai saya masa kaya, wani ɗan gaye mai farin takalmi. Ya tsaya bakin kunya yana ɗage ƙafar wando, ya ce noma mai ɗorewa suke nema: a rage taki, a tattala ruwa, a shuka dogon dankalin da injinsu ke yankawa siri-siri.

"Mai ɗorewa ka ce?" in ji Kawu.

"Mai ɗorewa, baba."

Nan gizo ya yi saƙa. Shi ɗan gayen lafiyar ƙasa da ruwa yake nufi. A wurin Kawu kuwa zumunci ne ke ɗorewa, sai ya ɗauka alkawari aka yi masa na mutu-ka-raba. Inna, matarsa, ta roƙe shi ya ajiye ko kwando ɗaya na tsohon irin, ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Aka dafa irin kakanmu muka cinye, ni har da neman ƙari.

Shekaru suka yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Motocinsu na zuwa kan kari. Har mai hoto suka kawo, ya sa Kawu ya rungumi dankali yana murmushi, mutumin da ko ranar aurensa an ce fuska a ɗaure ya zauna.

Bana aka tone dankali, aka jibge a rumfa, mota shiru. Da ƙyar ɗan gayen ya ɗaga waya. Wai gonar Kawu ta yi nisa, motoci na ƙona mai suna ɓata iska, don haka sun koma wata babbar gona kusa da su. Saboda ɗorewa! Ni na riƙe wayar, da kunnena na ji. A kasuwa mata suka ce dogon dankali narkewa yake a tukunya, ko taya shi ba su yi ba. Ya fara tsiro a rumfar.

Kawu ya ce sai ya ga surukansa ido da ido, haka yake kiran mutanen kamfanin. Na raka shi reshensu mafi kusa. Muna tura ƙofar gilashin na tsaya cak, bakina a buɗe. Ga Kawu nan a bango, daga ƙasa har rufi, yana murmushi. A ƙarƙashinsa an rubuta: Manomanmu, danginmu.

"Sannu baba, me za a kawo?" in ji yarinyar da ke bayan kanta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, balle ta haɗa fuskokin biyu.

Na ɗauka zai tayar da ƙura. Sai ya ce a ba shi dankali. Ya zauna daidai ƙarƙashin hotonsa, ya ɗauki sili ɗaya, ya karya, ya duba cikinsa, ya tauna a hankali.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce. Ya juyo gare ni. "Ke, cikin maƙwabta akwai wanda na taɓa ba jan irin nan?"

Na girgiza kai. Mu duka mun san bai taɓa ba kowa ba.