Ƙafa-waje da Tukunyar Talge

Ni dai Allah bai yi ni da zama ba. Ko a masallaci, liman na sallamewa idona na kan takalmina. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, shi ma rabinsa ta taga nake fita. Shekara talatin da wani abu ina tafiya cin rani, Kano, Kaduna, har Ikko, na sayar da rake, na yi ga-ruwa, na yi gadin gidan da ni kaina ban kwana a cikinsa ba. Duk abincin da na ci a waɗannan tafiye-tafiye a tsaye na ci shi, a bakin tasha ko gindin teburin mai shayi. Yau ga ni da furfura har a gira, abin da ya zaunar da ni ba sarki ba ne, ba soja ba ne, tukunyar tuwo ce.

Kakarmu ta wajen uwa, Ta-Dawce muke ce mata, don daga Dawce aka kawo ta aure nan Matameye. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta ja da goro, hannunta kuwa kamar na maƙeri. In kaka ta yi, aka shiga yankan gero, tuwon gidanmu ba ya sauka da wuri. Mata sai sun dawo daga gona, su yi sussuka, su yi surfe, su durƙusa kan dutsen niƙa. Kafin gari ya samu an yi magariba. Iyayenmu mata sun gaji liƙis, sai Ta-Dawce ta karɓi muciya. Mu yara mu bakwai mu kewaye murhu, ciki na kuka, hayaƙin kara na shiga mana ido. A gefena kullum akwai Hajo, ƴar kawuna, taubashiyata, wadda aikinta a duniya shi ne ta kai ƙarata.

"Ta-Dawce, ga Idi can yana sa hannu a ƙwaryar gari."

Muciya ta sauka a bayan hannuna, ƙwas!

"Kai angon banza," in ji tsohuwar, "ba ka kawo cefane ba, ba ka kawo itace ba, kai ne kuma na farkon jin yunwa. Zauna ko in sake ka in auri ƙanenka."

Ruwa na tafasa sai ta dama gari da ruwan sanyi ta tsiyaya a ciki, ta juya, ta rufe da faifai. Wannan shi ne talge. Tana rufewa sai ta gyara zama a kan ƴar kujerarta ta ce, "To, ga wata baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda ta fi maimaitawa, har na tsane ta, ita ce ta Ƙafa-waje. Na tsane ta ne don duk sanda ta ambaci sunan sai ta dube ni, Hajo kuma ta zungure ni da gwiwar hannu.

Wai wani saurayi ne, ko yana cikin ɗaki ƙafarsa ɗaya na waje. Ran nan uwarsa ta ɗora tuwo, ya ce ya daɗe bai nuna ba, shi zai tafi neman garin da abinci ke dahuwa tun kafin a hura wuta. Ya yi ta tafiya har ya iske wata mata a bakin rijiya tana dafa wake. Ta ce, "Samari, zauna, saura kaɗan." Ya ɗaga murfi, ya latsa ƙwaya ɗaya, ya ce da saura, ya wuce. Yana shan kwana waken ya nuna luguf. Matar ta yi ta kira, amma ƙarar sawunsa ta hana shi ji. A nan Ta-Dawce ba ta gaggawa. Sai ta lissafa duk wanda ya zo rijiyar ya ci waken nan: mai jaki, da makaho da ɗan jagoransa, da wanzami, da wata amarya mai kunya da ta ci kwano biyu. Kowa da muryarsa, kowa da yadda yake tauna.

Daga nan ya isa rugar Fulani, an kafa madara tana jiran ta zama kindirmo. Aka ce ya kwana. Ya tsoma yatsa ya ce ruwa ce, ya wuce. Sai garin masunta, an jera kifi bisa wuta, gefe ɗaya ya gasu, ana shirin juyawa. Ya ce shi ba ya jiran gefe na biyu.

Daidai nan, kullum daidai nan, Ta-Dawce take yanke magana. Mu ce, "Sai me?" Ta ce, "Ku bar shi ya yi ta tafiya, ba mutuwa zai yi ba." Ta buɗe faifai, ta rage talgen a ƙwarya, ta fara barbaɗa gari, ta danne tukunya da ƙafa, ta shiga tuƙi har zufa na ɗiga daga haɓarta. In ta gama ta yayyafa ruwa, ta sake rufewa don ya sulala, sa'an nan ta ƙarasa mana.

Ƙafa-waje ya zaga duniya, ya rame kamar karan dawa, har ya shigo wani gari ta bayansa. Ƙanshi ya ja shi wani gida, ya iske tsohuwa gaban murhu. Ta ce zauna. Ya ɗan tsuguna, ya ce da saura, ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe shi. Ashe tsohuwar ta zauna a kan gefen rigarsa. Ya ja, ya roƙa, ya yi zagi, ba ta ko dube shi ba, har tuwo ya sauka. Loma ɗaya ya kai baki ya gane hannun. Uwarsa ce, gidansu ne.

"Baƙuwa ta tashi ta tafi," in ji Ta-Dawce, "ku miƙo kwanuka."

Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne ana zagina a gaban mutane. Na girma ban canza ba. Aka ba ni Hajo, wai ko ta zauna a kan rigata. Ba ta zauna ba, ita ma tana da aikin yi. Kaka na wucewa in ɗaure ƙunshina in bi ta Ɗan Barto in tsallaka iyaka, sai hadarin farko ya dawo da ni. In ina gida kuwa cefane nawa ne, kuma ina taƙama da shi. Ranar kasuwa in zaga rumfa-rumfa, in shinshina daddawa kamar na san abin da nake shinshinawa, in sa mai kuka ta ɗebo mini in ga korenta, in yi faɗa da mai awo a kan tozon tiya. In kawo in zube a tsakar gida in fita. Abin da ke faruwa tsakanin zubewar nan da kwanon da ake ajiye mini, ban taɓa tambaya ba.

Bara da rani Hajo ta faɗi a bakin randa. Tansiyo, wato hawan jini, in ji lokotoro, likitan da ya duba ta a Damagaram. Hannun dama ya mutu, ƙafa na ja, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita. Ƴarmu Rabi ta zo daga Agadas ta yi wata biyu, mijinta da ƴaƴanta suka kira ta ta koma. Maƙwabta, Allah ya saka musu, kwano na shigowa safe da yamma. To amma lokotoro ya hana gishiri, ya hana dunƙulen miyar nan na kanti, kuma ba ka iya aika wa matar mutum cewa ta canza miyar gidanta saboda kai. Hajo ta koma kunu, kunun ma kurɓa biyu. Da muka koma awo, lokotoro ya dubi wuyan hannunta ya ce in ba ta fara cin abinci ba za su kwantar da ita su sa mata roba ta hanci. A mota muna dawowa hawaye kawai take yi, ta riƙe hancinta da hannun hagu har Matameye.

Sai na ce ni zan dafa. Na rufe ƙofar gida da sakata, don in Alhaji Sani maƙwabcina ya leƙo ya gan ni da muciya, gobe duk majalisa ta ji.

Ranar farko tuwon ya fito da gudaji kamar an zuba tsakuwa. Rana ta biyu ya yi kyau a ido, amma in ka kai baki gari ne tsagwaronsa, yana kama dasashi. Hajo ta taɓa da harshe, ta kau da kai wajen bango. Na kai wa akuya, ta shinshina ta dube ni. Na kira Rabi a salula.

"Baba, ba ka bari talgen ya dahu ne. Kana zubawa kana bin shi da gari."

"To minti nawa zan ba shi?"

"Wallahi ban taɓa dubawa ba. Ƙanshinsa ne ke canzawa, hanci zai gaya maka."

Hanci! Hancin da tabar shaƙa ta kashe tun ina gadi a Kaduna. Na ajiye agogo a gefen murhu, na ce minti biyar ai ya isa a dafa ko dutse. Bai isa ba. Ni kuma in na zauna gaban tukunya rufaffiya sai in ji kamar tururuwa na bin ƙafata. In tashi in leƙa zaure, in dawo in buɗe, in ƙara kara, in duba akuya, in sake buɗewa, in ce ai ya yi.

Rana ta biyar, na rufe talge, hannuna ya nufi ƙwaryar gari, sai na ji bayan hannun ya yi zafi da kansa, daidai inda muciyar Ta-Dawce ke sauka. Na tsaya. Shekara hamsin da ɗoriya, sai a ranar na lura: tsohuwar nan ba ta taɓa buɗe baki da tatsuniya ba sai ta rufe talge, kuma ba ta taɓa taɓa gari ba sai Ƙafa-waje ya bar garin masunta. Ba ta da agogo. Tatsuniyar ce agogonta, kuma ita ce igiyar da take ɗaure yara bakwai masu yunwa.

Washegari na jira aka yi magariba, don Ta-Dawce ta ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake a hanya, ni kuwa na ɓace isasshe. Na shimfiɗa wa Hajo tabarma kusa da murhu, na jingina ta da matashi. Na dama, na zuba, na rufe. Na yi gyaran murya, ina jin kunyar ko akuya.

"Ga wata baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta wuri?"

Hajo dai murhu take kallo. Na amsa wa kaina. Na fara, amma hali ba ya ɓuya: na fitar da Ƙafa-waje daga gida, na wuce da shi rijiya a guje, na jefa shi ruga, kafin ka ce me ga mu gaban kifi. Na miƙe zan ɗauko gari.

Rigata ta ƙi tashi. Na waiga, Hajo ta damƙe gefenta da hannun hagu. Bakinta na motsi, na jira, wannan karon na jira.

"Ka... tsallake... masu wake."

Tun faɗuwarta ba ta haɗa kalma uku a jere ba sai ranar.

"Wa ya zo farko?" na tambaye ta.

"Mai... jaki. Ƙafa-waje kawai."

Na koma na zauna. Na kawo mai jaki, na kawo makaho, na manta wanzami ta ja rigar, na dawo da shi. Da na zo kan amarya mai kunya na yi muryarta, rabin fuskar Hajo ya yi dariya. Na kwana a ruga yadda ya kamata, na tsaya har aka gasa gefen kifi. Da na buɗe tukunya talgen ya yi kauri yana ɓulɓul, yana tofi, launinsa ma ya canza. Na tuƙa har kafaɗata ta ce ta tuba. Na rufe, na dawo da Ƙafa-waje gida. Miyar kuka ce da daddawa da albasa da ɗan busasshen kifi, ba gishiri. Na gutsura na kai mata baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe baki kuma. Loma tara na ƙirga. Ta goma ta ture hannuna ta ce, "Miya... banza." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ba a sa mata robar ba. Yanzu har tana riƙe mara da hagu ta kwashe da kanta, tana ƙorafin malmalata ba ta da siffa.

Daga baya na tambaye ta ko ta san abin da tatsuniyar take aunawa. Ta ce duk ƴan matan gidan sun sani tun suna shekara bakwai, maza ne kawai suka ɗauka labari ne. Ni kuma da na ɗauka zagina ake, ashe ko wannan girman ban samu ba, talge ake jira.

Ban zama mai haƙuri ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Har yanzu in na ji motar Kano na kiran fasinja a tasha ƙafata na ƙaiƙayi. Abin da ya dame ni shi ne lissafin da nake yi in na zauna gaban murhu: sau nawa aka ce mini saura kaɗan, na ɗaga murfi na ce da saura na wuce? Rabi ta fara tafiya ina Ikko. Ta-Dawce ta rasu kwana shida bayan na tsallaka iyaka, ta ce in jira kasuwa ta ci, na ce mota na jira. Mai yiwuwa sun kira ni, sawuna ya hana ni ji.

Jiya Alhaji Sani ya ƙwanƙwasa da magariba, wai in fito an kawo wani labari majalisa. Na riga na yunƙura. Sai na dubi faifai a kan tukunya, na dubi hannun Hajo da ya riga ya kai gefen rigata. Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ka yi gaba, ina nan tafe. Yanzu makaho ya zauna, bai ko wanke hannu ba."