Royce Mai Gam da Buhun Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Royce Tedder ya san sana'arsa, domin sai ya yi da gaske kafin ya karɓo hannunsa. Gam ne ruwan ɗorawa ya zauna a yatsun mutumin tun yana saurayi. Sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura, matarsa Maxine ma ta haƙura.

Aikinsa a ƙungiyar tseren motoci ta gidan Kluttz, can bayan garin Mooresville a Amurka, shi ne manna noti. Kowace taya noti biyar gare ta. Kafin tsere Royce zai shimfiɗa tayoyi a ƙasa, ya ɗiga gam, ya zaunar da kowane noti a bakin raminsa, yadda idan mota ta shigo canjin taya a guje, sai dai a cusa sabuwa a bi notocin da bindigar iska, fat-fat-fat, direba ya ƙara gaba. Mota guda noti ashirin. Tayoyin tsere ɗaya kuwa noti ɗari biyu da arba'in suke ci, kuma in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi a coci, zai ninka maka da na shekara kafin fasto ya buɗe baki.

Bai taɓa tuƙa motar tsere ba. A talabijin ma takalminsa kaɗai aka taɓa nunawa, shi ma na hagu. Amma yana da katin nan da ake ratayawa a wuya, mai shigar da mutum har rumfar canjin taya, inda ƙarar inji ke kaɗa wa mutum haƙora. Maxine ta rantse a jana'izar yayanta ma katin yana ƙarƙashin rigarsa.

Yana da aiki na biyu, wanda ba wanda ya ba shi. Kowa a gareji ya san ba a kusantar motar tsere da gyaɗa mai ɓawo. An ce a zamanin kakanni an tsinci ɓawo cikin motocin da suka yi haɗari. Ba wanda ya gani, amma kowa ya ji daga wanda ya ji. Matasa suna yi wa zancen dariya, suna kuma barin gyaɗarsu a gida. Royce dai ya mai da abin ibada. Ya kori 'yan jarida, ya kori masu ɗaukar hoto, ya taɓa fizge ƙunshi daga hannun surukar direbansu, tsohuwa da sandarta.

Sai hukumar tsere ta fito da sabuwar mota don kakar tsere mai zuwa. Noti ɗaya tak, ƙato, a tsakiyar taya, kuma ba ruwansa da gam.

Cikin sanyin Janairu, Garland Kluttz, wanda ya gaji ƙungiyar daga marigayi mahaifinsa, ya kira shi ofis.

"Zauna, kawu Royce. Ka ga sabuwar motar?"

"Na gani. Noti ɗaya kamar baron kwasar yashi. Masu digiri sun yi ƙoƙari, Allah ya saka."

"To ka san dai yadda abin yake..."

"Na iya lissafi, Garland. Biyar a cire huɗu saura ɗaya, shi ma ba ya bukatata. Faɗi abin da ka kira ni, kofi ɗina yana hucewa."

Garland ya sosa ƙeya. Ya ce bana katin shiga ya yi ƙaranci, ba a ba mutum sai mai aiki a rumfa. Amma akwai gurbi ɗaya. Sun samu sabon kamfanin da zai ɗauki nauyin motar, za su riƙa kawo baƙi har rumfa, kuma suna son dattijo mai fuskar tarihi ya riƙa raba musu kayan kamfani.

"Kayan me?"

"Abin taɓa ka lashe ne. Daga Georgia suke."

"Garland."

"Gyaɗa ce, kawu. Soyayya, da gishirinta."

"Ɓararriya?"

Garland ya kalli silin kamar an rubuta amsar a can. "Da ɓawonta. Abin da suke sayarwa ke nan."

"Ubanka yana kwance yana jin ka."

"Babana inji uku matattu ya bar mini, da kai. Taya kuma ba sadaka ake ba mu ba."

A gida Maxine ta saurari labarin tana zuba masa shayi mai ƙanƙara, ko gezau.

"To ka zauna gida mana, gwarzon maza. Ga baranda can tana jiran ƙusa tun Garland yana rarrafe."

"Ke ba za ki gane ba. Rayukan mutane ake magana."

"Na gane sarai. Kai ne ka riƙe duniya da gam, yanzu za ta watse. Miƙo mini gishiri."

Royce ba mutumin zama ba ne, sai ya shiga neman mafita. Ya buga waya ga wata jami'ar kamfanin gyaɗar ya ce shi da Maxine za su ɓare gyaɗar a gida, kyauta. Matar ta yi dariya mai daɗi, ta ce ai ɓawon ne hoton da ke jikin motar, tun daga hanci har wutsiya. Ya koma wurin Garland ya ce to a kafa masa tebur a wajen shinge, baƙi su ci a can, su karkaɗe riga, sannan su shigo.

"Ba laifi," in ji Garland. "Sai dai mai tsayawa a wajen shinge ba ya bukatar kati. Ka ajiye mini shi a nan, in ba wanda zai shiga da buhun."

Royce ya dafe ƙirjinsa daidai inda katin yake. Magana ta fito fili: ko ya shiga da gyaɗa, ko gyaɗa ta shiga ba shi. Ya gwada zaman gida ranar Asabar, ya buga ƙusa biyar a baranda, huɗu suka lanƙwashe, ta biyar ta sami babban yatsansa. Litinin da safe ya je ya ce wa Garland a ba shi riga mai lamba babba, ta kamfani tana matse ciki.

Ranar tseren farko a Florida, tsofaffin sauran ƙungiyoyi suka jeru a bakin shinge kamar masu jiran gawa. Ga Royce nan tafe, riga mai hoton gyaɗa tana murmushi, buhu a kafaɗa, bokiti a hannu.

"Mai gyaɗa! Kawo ta dala biyu!"

"Royce, ka bi ta can don Allah, motarmu sabuwa ce!"

"Ku dai ku kula da notinku guda ɗaya," ya ce bai juyo ba. "In ya faɗi ba na biyu."

Ya raba ƙunshi ɗari da sittin. Kowane baƙo ya karɓa, sai ya ga dattijo a bayansa da bokiti. "Yallaɓai, ɓawo a nan. Madam, ɗaya ya faɗi ƙarƙashin takalminki, ɗaga." Duk da haka iska ta kwashi rabonta, yana kallo ɓawo ya gangara har ƙarƙashin motar lokacin da ta shigo canjin taya. Ya runtse ido, ya fara addu'ar da ya manta rabinta.

Motar ta fita. Ta zagaya, ta sake zagayowa. Ba wuta, ba hayaƙi, ko fenti bai ƙwarzane ba. Cikin mota arba'in ta zo ta ashirin da tara, wato dai unguwar da ta saba kwana tun zamanin marigayi.

Da yamma, ana loda kaya a tirela, Maxine ta kira.

"Kowa lafiya?"

"Lafiya," ya ce, murya a cunkushe.

"To wa ya mutu kake magana haka?"

"Da ba don gyaɗar nan ba, da na ashirin da biyar muka zo. Ko na ashirin da huɗu."

"Ai shakka babu. Ka ajiye aikin ke nan? In sayo ƙusa?"

Royce ya kalli buhun da ke ƙafarsa, wayam, ya zungure shi da takalmi.

"Wace ajiyewa? Tun kafin rabin tsere ta ƙare, mutum goma sha ɗaya suka tafi hannu banza, abin kunya. Na ce wa matar nan mako mai zuwa buhu biyu za ta aiko."