Ranar da Ajin Malama Raliya Ya Yi Magana

Malama Raliya ba 'yar Illo ba ce, garin nan na bakin iyakar Benin. A Zagga aka haife ta, aure ne ya kawo ta, kuma da mijin ya rasu ba ta koma ba, sai ma ta ɗauko tsohuwarta, Inna, ta zaunar da ita kusa. Mutanen gari sun san ta da tafiya a hankali, da kuma tsayawa a bakin kasuwa kamar wadda ta manta abin da ta zo saye. Waɗanda suka san ta sosai sun ce saurare take yi. Ranar kasuwa mai nono na ciniki da Fulatanci, mai kifi da Dandanci, 'yan tsallaken iyaka da Faransancinsu, Hausa kuma tana bi tsakani tana ɗinke su.

Turanci take koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma yadda aka koya mata haka take yi: ta rubuta a allo, ta faɗa, su maimaita. Yaran suna rubutu, wasu har su ci jarrabawa, amma harshen bai taɓa bin su ya fita ƙofar aji ba. Wani lokaci, tana goge allo, takan ji kamar bayanta ya cika da hayaniya irin ta kasuwa, da Turanci. In ta juyo sai ta tarar da idanu kawai.

Sai da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta sannan ta nemi karatun gaba da digiri, na masu koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Karatun dogon hutu ne, a wata jami'a can birni. Damina biyu ta bar Inna a hannun maƙwabta, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara hazo.

A can ta haɗu da Dakta Namadi, malaminsu mai son raha. Yakan nuna musu bidiyon yaran wata ƙasa mai nisa, zaune bibbiyu suna hira, malamarsu na zagayawa ba ta cewa komai.

"In kika fito aji muryarki ta dishe," in ji shi, "to ke kika koyi Turanci ranar, ba yaran ba."

Raliya ta kalli bidiyon har ya zauna mata a ido. A mota, kan hanyar dawowa, gonakin shinkafa na wucewa ta taga, ita kuwa yaran nan take gani.

Abu ɗaya ya rage ta gama. Za ta ɗauki bidiyon darasi a ajinta da waya, a kan iyali, yara su fi malama magana, ta tura wa Dakta. Dama biyu ake bayarwa. Wanda ya rasa su duka sai ya maimaita shekara, kuma Raliya ta san ba za ta sake barin Inna wata damina ba. In ta faɗi, karatun ya tafi ke nan.

Ƙawarta Malama Dela, mai koyar da Hausa, ita ta riƙe wayar. Raliya ta zaunar da yaran bibbiyu, ta rubuta tambayoyin bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya. Ta farkonsu ita ce kowace ta tambayi ta kusa da ita sunan mahaifiyarta.

Aji ya yi tsit. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta ja bakin hijabi ta rufe baki. Raliya ta lallaɓa, ta maimaita, ta yi misali, ta sake maimaitawa. A waje wata akuya ta yi ta kuka. Da yake wa'adin miƙa aikin ya cika, haka ta tura bidiyon.

Amsar Dakta ta iso da muryarsa. "Malama, na ji ki sarai. Na ji akuya ma. Yaran fa?"

Washegari ta shiga aji ba alli a hannu. Da Hausa ta yi musu magana, kuma a hankali.

"Ɗiyana, mi na yi muku?"

Ba wadda ta amsa, sai Mashkura, 'yar mai bandar kifi, wadda bakinta ba ya jin tsoro.

"Malama, ba ki yi muna komi ba. Amma ke fara. Gaya muna sunan Innarki, ga waya ga kowa, mu ji."

Raliya ta buɗe baki. Sunan yana nan, ta san shi kamar tafin hannunta, amma ya ƙi hawowa. Maimakonsa sai bakin wata rijiya a Zagga ya taso mata, tana ƙarama, guga a hannu. Wata yarinya ta kama sunan Inna da ƙarfi a cikin faɗa, sauran suka ɗauka suna rerawa. Ranar ta yi dambe har zanenta ya yage, kuma da ta koma gida ta ƙi faɗin dalili.

"Kin gani ko?" in ji Mashkura. "Ni in Fauziyya ta ji sunan tawa, kafin a tashi an yi waƙa da shi har bakin ruwa."

"Ke dai kika sani," in ji Fauziyya, 'yar Fulanin ruga. "Wa ke son sunan mai warin hayaƙi?"

Aji ya fashe da dariya. Dela na tsaye bakin ƙofa tana girgiza kai.

"To, 'yar birni, an kama ki. Damina biyu kacal, har kin manta gida?"

Da la'asar Raliya ta zauna a tsakar gida. Inna na kan tabarma tana dama fura. Idon ba ya gani sosai, amma hannuwan ba su tambayi kowa hanya ba: suka lalubo ƙwarya, suka murƙushe dunƙulen, suka juya ludayi. Raliya ta bi su da kallo, sai ta ga suna tatsa, suna tsinkar yakuwa, suna kitsa mata kai ranar jajibirin salla, suna ɗinke wani zane da ya yage ba tare da tambayar yadda aka yi ba.

"Mi kike kallo haka?" in ji Inna.

"Hannuwanki, Inna."

"Su ne dai na jiya. Karɓi ki sha."

Ranar dama ta biyu Raliya ta rubuta kalmomi kaɗan a allo, na hayaƙi da madara da kwalekwale da itace. Ta ce da su, da Turanci mai sauƙi, yau ba mai kama sunan kowa. Kowace ta gaya wa ta kusa da ita abin da hannuwan mahaifiyarta suke yi tun daga safe. Ta ja da baya ta jingina da bango, ta kama bakinta.

Dela ta kalle ta ta saman wayar. Raliya ba ta motsa ba.

Mashkura ce ta fara, da Turanci mai ɗingishi. Ta ce mahaifiyarta tana tsaga kifi, tana jera shi a kan wuta, kuma hannunta ba ya jin zafi. Fauziyya ta ce tata tana tatsar shanu, kuma akwai saniyar da ba ta yarda da hannun kowa sai nata. A bayan aji Hamdiyya, wadda iyayenta suka zo daga tsallaken iyaka, ta ce tata tana kai albasa Benin ta dawo da atamfa. Kalmar Faransanci ta kufce mata, aka yi dariya, ta kusa da ita ta miƙa mata ta Turanci, ta karɓa ta ci gaba. Can sai gardama ta tashi a kan mahaifiyar da tuwonta ya fi daɗi, kowa na neman kalmar da za ta kare gidansu.

Raliya ta shiga zagayawa tsakanin bencina. Ta ji kuskure da yawa, ta bar su suka wuce. Ya zame mata kamar a bayan kowace yarinya akwai mace a tsaye, wannan da ƙamshin hayaƙi, waccan da ƙwarya a ka, ajin ya cika har ba wurin taka ƙafa.

"Wayar ta yi zafi," Dela ta raɗa mata. "In tsaya?"

"Bar ta tukuna."

A Illo waya takan ɓata hanya ta kama layin Benin, don haka sai da Raliya ta hau tudun bayan makaranta sannan bidiyon ya tafi. Ta daɗe a can tana kallon fadama, har shanu suka fara komawa.

Amsar ta same ta a tsakar gida. "Malama," in ji muryar Dakta, "wannan karon da ƙyar na ji ki. Kin ci."

Da hadarin farko ya haɗo a shekarar, Inna ta ɗaga kai tana shaƙar iska.

"Bana ba birni?"

"Ba birni, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu tana laluben ludayi. Sunanta kuwa, akwai tsofaffi biyu ko uku a Zagga da suka san shi.