Akun da Ya Fitar da Ni Daga Gidan Kawu

Har yau in na tuna abin da kawuna ya yi wa akuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Mutumin ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa, ina kuwa yi masa addu'a. Amma in na shafa, sai in ci gaba da fushina daga inda na tsaya.

A lokacin Tudun Wadar Zariya ba ta zama gari ba. Turawa ba su daɗe da shimfiɗa hanyar jirgi ba, aka yanka fili a bayan ganuwa aka ce baƙi su zauna. Gidaje jefi-jefi, mafi yawa dangar kara, tsakaninsu gonakin rogo. Ni na biyo ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwar goro, ya ba ni ɗaki a gefen zaurensa. Karatu ban yi nisa ba, malaminmu na allo ya sallame ni da wuri, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Na kuwa ɗauka. Wanki da guga nake yi wa akawunan tashar jirgi, in wanke a rafin Kubanni, in goge a ɗaki da dutsen gawayi.

Cikin masu ba ni wanki akwai wani akawu mutumin bakin teku. Da aka ɗauke shi daga Zariya, na je kai masa kayansa na ƙarshe, sai na tarar da wata garwar kananzir da aka huda wa taga, a ciki ga wani abu toka-toka da sarƙa a ƙafa. Ya ce aku ne. Ban yarda ba sai da na leƙa. Ƙirjinsa tsirara kamar figaggiyar kaza, wutsiya babu ko ƙwaya. Akawun ya ce kukunsa ne ke tsige jan gashin wutsiyar yana sayar wa masu magani, shi bai gane ba sai daga baya, na ƙirjin kuma tsuntsun ne ke tuge abinsa da kansa don baƙin ciki. Ya ce in ina so in ɗauka, in ba haka ba kukun zai gaje shi.

Kada wani ya ce tausayi ne ya sa na ɗauka. Na ji ana cewa aku na magana, sai na yi tunanin zan sami mai zagar mini mutane ba tare da an kama ni ba.

Ran farko na zura hannu zan kwance masa sarƙa, ya kama babban yatsana har sai da na ji baki ya taɓa ƙashi. Tabon na nan. Ya yi wata ƙara da ta sa matar kawu, wadda nake kira Inna, ta fito da muciya a hannu tana tambaya wa aka yanka. Kwana uku ina zaginsa yana zagina da ido. A na huɗu na lura da wani abu. In na shigo da kaya a ka, hannuwana na sama, ba ya motsi. In na miƙa hannu ko da zan ɗauki buta ne a kusa da shi, sai ya manne a kusurwa yana rawar jiki. Ashe ba ni yake ƙi ba. Hannu yake ƙi, kowane hannu, har inuwarsa.

Sai na ɓoye nawa. In zan wuce gabansa in goya su a baya kamar wanda aka gurfanar gaban alƙali. Na samo karan dawa dogo, na tsaga bakinsa, na maƙala gyaɗa, na miƙa masa daga bakin ƙofa. Ya yi kwana biyar kafin ya karɓa. Daga nan duk mako sai in yanke gaɓa ɗaya daga karan. Wani makon ya yarda, wani makon ya ƙi, in koma in nemo kara mai tsawon na da. Na cire akun daga garwar na bar shi ya hau azarar ɗaki. Nakan tsallaka kasuwar Sabon Gari in sayo masa kwakwar manja wurin matan kudu, ni kuwa ban taɓa saya wa kaina ba. Ina guga ina yi masa hira, in ba shi labarin akawun da wuyan rigarsa ya fi na kowa dauɗa. Ban da kallo, don ba ya son a zuba masa ido.

Daga farkon damina har aka yi girbi muna wannan. Ranar da karan ya ƙare, saura yatsuna biyu da gyaɗa a tsakani, ya daɗe yana juya kai, sannan ya miƙo wuya ya ɗauka. Bai cije ni ba. Na fita bayan gida na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Magana kuwa bai taɓa yi ba. Abin da ya koya shi ne tarina, da ƙarar ruwan da nake fesa wa kaya da baki kafin in ɗora dutse. Wannan ne duk ilmin da ya samu a wurina, kuma daidai yake da malaminsa.

Gashinsa ya dawo. Wutsiya ta fito ja wur kamar barkono. Muka sami wata al'ada. In na dawo daga rafi da azahar, da tsohuwar taguwata shuɗiya ta aiki da malafa, sai in tsaya tsakar ɗaki, in sunkuyar da malafar, in kau da fuska gefe, in miƙe hannu. Shi kuma ya gangaro daga azara ya sauka a hannun rigar, ya taka har kafaɗa. Tsuntsun da da inuwar hannu ke sa shi fitsari.

Ana nan sai aka ce za a naɗa mai unguwa a ɓangarenmu. Kawu ya sa rai. Wani mai magani ya ce masa in yana son farin jini wurin manya ya kawo jan gashin aku, amma wanda aka tsige daga mai rai, da jini a gindinsa. Kawu ya kira ni zaure bayan sallar asuba. Na durƙusa.

Ya ce, "Ɗan nan, gashi ɗaya tak nake so. Kaza ma ana fige ta."

Na ce, "Kawu, kaza ai sai an yanka ta."

Na gaya masa ina da guda huɗu da suka faɗo da kansu, na adana a gwangwani, ya kwashe duka. Ya ce wanda ya faɗi ba ya aiki. Na ba shi labarin kukun, da karan dawa, da watannin da na yi ina goye da hannu. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko tsuntsun ne ya ba ni ɗaki ko shi.

Nan ne na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Ba a ce wa kawu a'a, to amma ana iya yi masa dabara, haka na gaya wa kaina. Na tsinto gashin farar tantabara, na kai wa wani baduku abokina, muka tsoma a jan karan dafin da yake rina fata. Ya bushe ya yi kyau, har ya fi na gaske ja. Na soki yatsana da allura na ɗiga jini a gindin. Na kai wa kawu da hannu biyu, ina yin fuskar wanda ya yi babbar sadaukarwa. Ya sa mini albarka. Ban ba shi na gwangwanin da jinina a kai ba, wanda da shi ne hankali, don ina son in yi dariya. Na kuwa yi, kwana biyu.

Mai maganin ya jefa gashin a ƙwaryar jiƙo a gaban mutane. Ruwa ya yi ja, gashi ya koma fari. Labarin ya riga kawu isowa gida. Bai ce mini komai ba. In na gaishe shi ya amsa, har ya tambayi aiki. Ni da ƙaramin kaina na ɗauka ya haɗiye.

Ranar Alhamis nake kai wa akawuna kayansu, kuma ranar nakan sa rigata mai kyau, in bar taguwa da malafa a ƙusa. Na dawo da la'asar, na tarar ɗakin shiru. Ɗigon jini a kan farin zanen da nake guga a kai. Taguwar a ƙasa, malafar a kife. Na ɗaga kai, ga akun can a cushe tsakanin azara da jinka, wutsiya babu. Ba ɗaya aka cire ba, duka aka damƙa aka fizge.

Inna ce ta gaya mini, tana magana ƙasa-ƙasa a bakin murhu. Ta ce da azahar ta ga kawu ya fito daga turakarsa ya shiga ɗakina. Ta leƙa ta jikin danga, sai ta gan shi sanye da taguwata, ya sunkuyar da malafa, ya kau da fuska, ya miƙe hannu. Ta ce da fari dariya ta kama ta, ganin dattijo da gemu cikin rigar wanki. Ashe ya daɗe yana lura da yadda muke yi. Tsuntsun ya yi ɗan jim, sannan ya gangaro.

Ya gangaro. Wannan kalmar ce ta fi yi mini ciwo. Da kawu ya bi shi da sanda ne, ko ya jefa masa bargo, da na ce ƙarfi aka fi shi. Amma da ƙafarsa ya tako, don ya ɗauka ni ne.

Na fita zaure. Kawu na zaune da abokansa uku suna cin goro. Ban durƙusa ba, ban yi sallama ba.

Na ce, "Kawu, rigata ka sa?"

Ya ce, "A gidana na same ta."

Na ce, "Mutumin da ya yi shigar mai wanki don ya yaudari tsuntsu, shi za a ba amanar unguwa?"

Ɗaya daga cikin dattijan ya yi salati. Kawu ya tofar da goron bakinsa, ya ce ni da na rina tantabara na sa ya yi abin kunya a gaban mutane ba ni da bakin yin maganar yaudara. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce da ni da kazata kada magariba ta same mu a gidansa.

Dattijan suka taso mini, in durƙusa in ba da haƙuri. Na durƙusa. Na nemi gafarar maganar da na faɗa, na nemi gafarar tantabara. Sannan na ce saura shi ya yarda ya zalunci tsuntsun. Suka fashe da dariya, har da mai salatin. Wani ya ce a kai ni a yi mini rubutu. Na tashi na shiga haɗa kaya.

Sai da na jefa wa akun zane na kama shi, ni da hannuna, yana ihu yana cizo ta cikin zanen, na mayar da shi garwar da na yi rantsuwa ba zai sake shiga ba. Wani mahauci a gangaren unguwa ya ba ni bukka a bayan gidansa. Na ratsa Tudun Wada da dutsen guga a hannu ɗaya, garwa a ka tana kururuwa, mata na leƙe ta kan danga.

Ba yadda za ka yi wa tsuntsu bayani. Ba za ka ce masa ba ni ba ne, kawuna ne, ga shaida. In na shigo bukkar sai ya yi ta buga kansa da jinka. Ya koma tuge ƙirjinsa. Taguwar na yayyaga na yi tsumman riƙe dutse, malafar na ba mahaucin. Na samo sabon kara na maƙala gyaɗa, ya dubi karan ya juya baya. Ya riga ya san inda kara ke ƙarewa.

Kawu kuwa ya sami unguwar. Da ya rasa, da na ɗan huce. Amma ya samu, mai maganin ya sami abin faɗa, mutane suka fara biyo ni har rafi suna tambaya a hankali ko wutsiyar ta fara tsirowa. Wani mai neman aure, wani mai shari'a. Na kori ɗaya da jiƙaƙƙen wando. Na sayi kwaɗo na sa wa ƙofar bukkar da iska ma ke iya turewa.

Da dabara ta ƙare mini sai na daina dabara. In zuba masa abinci in ja da baya. Kowace safiya kafin in tafi rafi in zauna a tabarma, in miƙe ƙafa, in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, in dubi bango. Ba na kiransa, ba na ba shi komai. Mahaucin ya leƙo wata rana ya tambaye ni ko wuridi nake. Na ce masa e. Haka muka ci rani ɗungum.

Wata safiya bayan ruwan farko ina zaune haka, sai na ji ƙaf-ƙaf ɗin farce a ƙasa. Ban juya ba. Ya zo ya tsaya a wajen ƙafata, ya kama farcen babban yatsan ya ɗan ja, kamar mai gwada ƙwarin igiya. Ya saki. Ya kama bakin wandona da baki ya hau, ya tako sannu har gwiwa, ya zauna ya ba ni baya. Ina da fararen kayan wani akawu jiƙe a kwano suna jirana, ƙuda na yawo a hancina, ƙafar ta mutu har ƙugu. Ban motsa ba sai da rana ta take, shi da kansa ya gaji ya sauka. Akawun ya sallame ni a kan kayan nan.

Mun yi shekaru tare bayan wannan. Kullum da safe yakan hau gwiwata, wani lokaci har ya yi gyangyaɗi a kai. Hannuna dai bai sake hawa ba har ya mutu. Kawu ya aiko sau biyu in koma gida, ɗakina na nan. Na aika masa da gaisuwa da goro, ban koma ba.