Tatsuniyar da Ta Rufe Nishin Kakana

Na zare robar fitsari daga jikina da hannuna, ranar wata Juma'a da hantsi, a bayan rumbu. Jini ya biyo ta. Na haura saba'in a lokacin. Ni ba yaro ba, ni ba mahaukaci ba. Abin da ya sa na yi haka ya girmi robar, ya girmi asibitin da aka saka min ita. A bakin murhun Iya na ɗauko shi.

Iya kakata ce, uwar babana. Gidanmu yana wata 'yar unguwa kusa da Ƙarfi, mu jikoki tara. Da kaka, idan an karya masara, a bakin murhunta muke zama tsakanin magariba da isha'i. Tana tura totuwa cikin wuta, tana gasa mana wadda ba ta gama bushewa ba. Ba ta da fara'a. Hannunta ya fi bakinta sauri. Amma a tatsuniya duk unguwar babu na biyunta. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, sai dai nata wasan da zagi yake zuwa.

"Matsa can, mijin banza, ko ɗankwali ba ka taɓa saya min ba. Ga tawa nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi in ɗana masa garwashi."

"Sako ta, Iya," mu ce.

Wata shekara ta yi mana tatsuniya ɗaya har kwana uku a jere, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wa da ƙane ne suka je gayya gonar surukin wan. Ana cikin huɗa, makiɗa suna kiɗa, mata sun kawo fura suna kallo, sai kunamu biyu suka fito daga ƙarƙashin dutse. Ɗaya ta haye wandon wa, ɗaya ta haye na ƙane. Ƙanen ya kurma ihu, ya yar da garma, ya tuɓe wando a gaban surukai. Aka fitar da kunama, aka shafa masa magani, ya warke. Amma 'yan mata suka sa shi a waƙa, har ya bar garin. Shi kuwa wan, harbi bakwai ya sha bai ɗaga kai ba. Ya kai huɗarsa ƙarshen gona, ya jingina da ɗorawa, ya cika. Tun daga ranar, duk damina garmarsa takan tashi ita kaɗai ta yi wa 'ya'yansa huɗa, ba su taɓa sanin yunwa ba.

Akwai waƙa a ciki, duk harbi ɗaya sai a rera:

Garma tana ci, baki a rufe,
Namiji ya sha, ƙasa ce ta sani.

"Ku tafa!" in ji Iya. "Ku ɗaga murya, 'ya'yan banza, ba ku ci tuwo ba ne?"

Muna tafi har tafin hannu ya yi zafi. Ɗakin kakana, mijinta, taku goma ne daga murhun, an saki asabari a ƙofar. A rana ta biyu, tsakanin tafi da tafi, na ji wani abu daga can.

"Iya, wa ke nishi?"

Muciya ta sauka a ƙafata. "Sa ne a turke. Tafa!"

Ba mu da sa a shekarar. Na tafa.

A rana ta huɗu kakana ya rasu. Sai da na yi aure babana ya faɗa min abin da ya kashe shi. Fitsari ne ya tsaya masa. Aka yi ta ɗura masa jiƙo, ƙwarya bayan ƙwarya, wai ya tura na cikin ya fito. Ruwa yana shiga, ba ya fita, mara ta kumbura ta yi tauri kamar tulu. Akwai asibiti a Malumfashi, tafiyar rabin yini a kan jaki. Ya ce ba wanda zai buɗe masa wando yana da rai. Iya ta goyi bayansa, ta tara mu muka zama mata ganga, don kada maƙwabta su ji. Na tuna a wurin gaisuwa wata tsohuwa tana cewa, "Malam namiji ne, ko tarinsa ba a ji ba." Iya ta ɗaga kai kamar an ba ta kyauta.

Nawa ya zo bayan shekara sittin da wani abu. Fitsari ya fara zuwa ɗis-ɗis, wata rana ya ƙi gaba ɗaya. Faɗuwa na yi a gonar auduga, shi ya sa aka sani. Aka kai ni asibiti a Funtuwa. Suka ce wani nama ne ya kumbura ya toshe hanya, yakan samu tsofaffi da yawa. Suka zura roba, suka haɗa da jaka. Abin da ya fito ya cika ta har sau biyu. Ban taɓa jin sauƙi irin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ba.

Ma'aikacin da ya saka ta ya yi min bayani da Hausa, ba zan ɗora masa laifi ba. "Baba, a can ciki akwai ƙulli da muka cika da ruwa, ya kai goro, shi ke riƙe ta. Ko ta dame ka kada ka ja. Ka zo mu zuƙe ruwan tukuna."

Na tambayi liman maganar salla. Ya ce ina da uzuri, in zubar da jakar, in yi alwala, in shiga sahu. Shekara talatin ina sahun farko. Na rataye jakar a cikin riga na tafi.

Alhaji Sale mai taki, sa'ana, shi ke tsayawa a damana. Tare aka yi mana kaciya. Ana shirin tayar da salla ya shaƙi iska, ya ja da baya.

"Wai yau wa ya shigo mana da masai cikin masallaci?"

Wasu suka sunkuyar da kai. Wasu suka danne dariya. Bai tsaya nan ba.

"Garba, ka yi wa Allah ka koma baya. Da can maza mutuwa suke yi da mutuncinsu, ba su yawo da leda."

Na tsaya a wurina har aka sallame. Juma'ar da ta biyo na zaga bayan rumbu, na naɗe robar a hannu, na ciji haɓar riga, na fizge. Ƙullin ya fito da ruwansa, ya yage duk inda ya bi. Na cusa tsumma, na tafi masallaci, na tsaya kusa da Sale. Ko sujada ta biyu ban iya tunawa.

Fitsari bai ƙara fitowa ba. Asabar na kwanta. Lahadi da la'asar mara ta yi tauri, ina cizon tabarma. Mutane suka zo dubiya suna zaune a zaure. Matata Hajara, baiwar Allah, ta ɗauko rediyo ta ajiye a ƙofar ɗakina, ta murɗa shi har ƙarshe. Rufin asiri take min. Haka aka koya mata ita ma.

Na ji waƙa tana tashi a kan nishina. Na gane inda nake kwance.

Na yi ihu. Irin ihun da ake ji har bakin rijiya.

"Hajara! Kashe abin nan! A nemo mota, fitsari zai kashe ni!"

Duk zauren ya ji, har da Sale.

Ina yawan tunanin tatsuniyar nan, kuma ba da daɗi ba. Ƙarya ce. Garmar kakana ba ta yi wa kowa huɗa ba, tsatsa ta ci ta, babana ya yi noman da kansa, ga mu ga ƙannensa huɗu. Ƙanen da ya tuɓe wando shi ne mai hankali, shi aka mayar abin dariya. Iya tana kabari, ina yi mata addu'a kamar yadda aka ce a yi. Amma tafin da ta sa na yi ban yafe ba tukuna.

Hanyar da na yaga ba ta gyaru ba. Da aka mayar da ni asibiti sun huda min ƙasan cibiya, ta nan robar take fita yanzu, kuma ta nan za ta ci gaba da fita. Duk wata ina hawa mota zuwa Funtuwa a canza ta. Hajara ta ɗinka wa rigunana aljihu ta ciki. Ina gida, ina cin tuwona, ina duba audugata da sanda. Ranar Juma'a ina sahun farko. Sale ne ya canza wuri.